Ziyarar Gidan Ƙarau Na Waterford Da Abin Da Ta Tuna Mana

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Mu ɗin nan da aka aika ƙasar Ailan don ƙaro ilmin koyarwa, tun ran da muka komo 'yan'uwa ke tambayarmu abin da ya fi ba mu mamaki can. Waɗansu suna tsammani za mu ce sanyi, waɗansu teku, waɗansu kuwa manyan ɗakunan littattafai na birnin Dablin. Duk mun ga waɗannan, mun kuwa yi mamakinsu. Amma abin da ya tsaya mana a rai, wanda muka yi ta gardama a kansa har cikin jirgin da ya komo da mu, wata ma'aikata ce ta ƙarau a birnin Waterford. Tun da ya ke Edita ya ba mu fili, za mu faɗi abin da muka gani, sa'an nan mu faɗi ra'ayinmu, ko da ya ke mun sani ba kowa zai ji daɗinsa ba. Ra'ayin kuwa shi ne, mu masu shirin zama malaman makaranta muna da hannu cikin mutuwar sana'o'in ƙasarmu, kuma in ba mu sake hali ba, waɗansunsu a zamaninmu za a binne su.

Kafin mu shiga ma'aikatar ya kamata mu bambanta ƙarau da gilashi, gama mu ma sa'ad da muka tafi ba mu san bambancinsu sosai ba. Gilashin da a ke yin kwalabe da tagogi da shi, asalinsa yashi ne da wani gishiri ɗan'uwan kanwa da farar ƙasa. Yashi shi kaɗai ba ya narkewa sai da zafi mai tsanani ƙwarai. Gishirin nan shi ke sa ya narke da wuri, farar ƙasa kuwa ita ke hana ruwa cin gilashin bayan ya daskare. Mutanen Masar da Rumawa na dā da kanwa su ke yin nasu, wadda a ke haƙowa a Wadi Natrun, 'yar'uwar wadda fatake ke kawo mana daga Barno. Busa gilashi da bututu kuwa a ƙasar Sham aka fara shi, cikin ƙarni na ƙarshe kafin haihuwar Annabi Isa.

Wanda Turawa ke kira kiristal, mu kuwa muka ce masa ƙarau cikin wannan takarda, a Ingila aka haife shi. Wani ɗan kasuwa, George Ravenscroft, ya sami takardar izini a 1674 don yin gilashi mai haske garau. Na farkon da ya yi sai ya riƙa tsattsagewa a hankali har ya dushe. Wajen 1676 aka sami maganin abin, watau a zuba garin dalma cikin haɗin. Dalman nan ita ke ba ƙarau nauyi, ita ke sa ya yi taushi har a iya yanka zane a jikinsa, ita ke sa ya karya hasken rana ya fitar da launuka irin na bakan gizo, kuma ita ke sa in ka ɗan ƙwanƙwasa shi da farce ya yi amo kamar ƙararrawa. Wata dokar ƙasashen Turai ta 1969 ta ce ba a kiran gilashi ƙarau mai dalma sai dalmar ta kai kashi 24 cikin 100.

To, Waterford tsohon birni ne a kudu maso gabashin Ailan, bakin kogin Suir. Ma'aikatar tana tsakiyar gari, kowa ya biya kuɗi a kan zaga da shi. Ɗakin da aka fara kai mu na masassaƙa ne, muka yi tsammani mun yi ɓatan kai, don ba mu ga alamar gilashi ba sai gungumomi da ɓarɓashin icce. Ashe nan a ke sassaƙa mazubin da a ke busa ƙarau a ciki. Da icce a ke yinsa, a jiƙa shi da ruwa, domin in narkakken ƙarau ya shiga, tururin da ke tashi ya raba shi da iccen. Duk da haka wuta na cinsa, ba ya wuce kwana bakwai zuwa goma sai a sake wani. Watau tun ba a kunna tanderu ba, sana'ar mai busa ta rataya ga sana'ar masassaƙi.

Daga nan aka kai mu wurin tanderu. Zafinsa yana kai wajen awo 1,400 na ma'aunin Salsiyas, ruwa kuwa a 100 ya ke tafasa, sai ku ƙiyasta. Muna tsaye nesa bayan shinge fuskokinmu na zafi, amma ga mutane suna kai da kawowa gabansa ba ko gaggawa. Ɗaya ya zura dogon bututun ƙarfe, ya lakato curin ƙarau ja wur, yana nauɗuwa kamar zuma. Tun daga sa'an nan hannunsa bai daina murza bututun ba, gama in ya tsaya ko kaɗan curin sai ya zube gefe guda. Ya gyara shi cikin wata jiƙaƙƙiyar ludayin icce, ya ɗan hura, ya sake murzawa, ya zura shi cikin mazubi, ya hura kuma. Da aka buɗe mazubi sai ga tulu sosai. Babu wanda ya auna kauri da ma'auni, babu wanda ya dubi agogo. Launin curin da nauyinsa a hannu su ke gaya masa lokaci ya yi. Wani daga cikinmu, wanda ubansa maƙeri ne, ya ce shi ya san wannan kallon, haka tsohonsa ke duban ƙarfe a wuta.

Ba a barin tulun ya huce a fili, sai a sa shi cikin wani tanderu dabam ya yi ta hucewa sannu sannu. Dalili kuwa, in bayansa ya daskare cikinsa na da zafi, sai ɓangarorin biyu su riƙa jan juna, ko ba a taɓa shi ba wata rana ya fashe. Bayan ya huce a duba shi. In an sami kumfa ko karkata, ba a rage masa kuɗi a sayar, sai a farfasa shi a mai da shi tanderu.

Inda muka fi daɗewa shi ne wurin masu yanka. A kan ja wa tulun layuka da alkalami, a tsaye da a kwance, kamar yadda mai ɗinkin hula ke raba ƙyallensa kafin ya sa zare. Layukan nan iyaka kurum su ke nunawa, zanen kansa yana cikin kan mai yanka. Sai ya riƙe tulun da hannu biyu, ya danna shi ga wani faifai mai juyawa wanda aka yi wa baki da garin daimon, ruwa na zuba a kai. Ta cikin tulun ya ke hangen inda faifan ke ci. In ya danna da yawa ya huda, in ya sassauta zanen bai yi zurfin da zai kama haske ba, kuma abin da aka yanke ba ya komawa. Bayan yanka tulun ya kan yi fari dusu-dusu, sai an tsoma shi cikin ruwan asid ya fito yana walƙiya. Akwai kuma masu zanen siffofi da ƙananan faifan tagulla, waɗanda kan yi kwanaki a kan abu guda.

Aka nuna mana wata tasa da su ke kira tasar ɗan koyo. Bisa al'adar gidan, yaro ya kan yi shekara 5 yana koyo, sa'an nan a ba shi tasa ya yanka mata wajen yanka 600, waɗanda suka tattara kowane irin yanka da a ke yi a gidan. Ita ce jarrabawarsa. In ya ci, sai ya ƙara shekara 3 kafin a kira shi gwani. Shekara 8 ke nan, ya fi abin da likita ke yi a jami'a. Nan muka dubi juna, don mun san yadda mu kan ɗauki mai aikin hannu a gida, mu da ba mu yi rabin wannan ba muke neman a tashi mana tsaye.

Amma labarin gidan ya fi aikin ba mu tsoro. A 1783 waɗansu 'yan kasuwa biyu, George da William Penrose, suka kafa ma'aikatar farko. Su kansu ba su iya aikin ba, sai suka ɗauko wani gwani, John Hill, da mutanensa daga Stourbridge ta Ingila. Abin da ya taimake su shi ne haraji. Tun 1745 gwamnatin Ingila ke karɓar haraji a kan gilashi bisa nauyinsa, ƙarau kuwa nauyi gare shi, amma harajin bai shafi Ailan ba, ga shi kuma a 1780 an yardar wa Ailan ta fitar da gilashinta waje. Sai ciniki ya buɗe. A 1825 aka ɗora wa Ailan harajin ita ma, ciniki ya yi ta ja da baya. Ko da aka soke harajin a 1845 ƙarfin gidan ya riga ya ƙare. A 1851, shekarar da aka kai kayansa babban baje koli na Landan mutane suna yabo, a shekarar aka kashe tanderu. Ma'aikata suka watse.

Shekara 96 birnin ya yi ba mai busa ƙarau. Sunan yana nan, tasoshin suna nan a gidajen masu arziki, amma ko mutum ɗaya da zai iya yin irinsu babu. A 1947 wani baƙo, Charles Bacik, mutumin ƙasar Cek wanda gwamnatin ƙasarsu ta karɓe ma'aikatunsa, ya sake kunna wuta a Waterford. Ya kirawo wani ɗan ƙasarsu, Miroslav Havel, aka kuma ɗauko gwanaye daga ƙasashen Turai su koya wa 'ya'yan gari. Havel sai da ya tafi gidan ajiye kayan tarihi na Dablin, ya zauna gaban tsofaffin tasoshin Penrose yana kwaikwayon zanensu a takarda, domin babu dattijon da zai tambaya. A 1952 ya fitar da zanen da a ke kira Lismore, wanda ya fi kowane zane na gidan suna. Ma'aikatar ta girma har ta ɗauki mutum wajen 3,000. Sai kuma a watan Janairu na 2009 bashi ya ci kamfanin, aka rufe babbar ma'aikata ta Kilbarry. Ma'aikata suka ƙi fita, suka yi makonni suna kwana ciki. Kuɗin fanshonsu ma sai da suka kai ƙara har kotun Tarayyar Turai, ta ba su gaskiya a 2013. Gidan da muka zaga a 2010 aka buɗe shi, ƙarami ne in an gwada da na dā. Tun 2015 kamfanin Fiskars na ƙasar Finlan ke da sunan, kuma mafi yawan kayan da ke ɗauke da shi a waɗansu ƙasashen Turai a ke yinsu, kamar Sulobeniya.

Abin da muka fahimta cikin wannan labari shi ne, sana'a a hannun mutum ta ke zaune. Gini ya kan tsaya shekara ɗari ba kowa ciki, littafi ya kan jira mai karatu, amma abin da hannu ya sani, in bai shiga wani hannu ba kafin mai shi ya mutu, ya tafi ke nan. Tsara ɗaya ta isa ta yanke shi. Mutanen Waterford sun yi sa'a, akwai waɗansu ƙasashe masu irin sana'arsu, suka aro gwanaye. To, sana'ar da babu irinta a wani wuri fa, wa za a aro? Mun kuma lura galibin gwanayen da muka gani dattawa ne, waɗanda suka yi koyonsu a tsohuwar ma'aikata. Baƙi masu kallo suna biyan kuɗi suna tafi, wannan abu ne mai kyau, yana ciyad da mutane. Amma tafin ɗan kallo ba ya haifar gwani. Abin da ke haifarsa shi ne yaro ya yarda ya ba da shekara 8, ba kuwa zai yarda ba sai ya ga sana'ar za ta ciyad da shi, kuma ba za a raina shi saboda ita ba.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Muna cikin mota muna komowa, wani malaminmu ya tambaye mu, "Ku nawa ne cikinku kuka taɓa zuwa Masaga?" Muka yi shiru. Mun ƙetare teku mun kalli masu ƙarau na wata ƙasa, ba mu taɓa taka unguwar masu ƙarau ta Bida ba. Alhali kuwa ita kalmar ƙarau, kafin mu are ta mu ba gilashin Turawa, sunan abin hannun da iyayenmu mata ke sawa ne, wanda fatake ke kawowa daga ƙasar Nufe. Mutanen Masaga bisa ga tarihin da suka gada sun ce daga Masar kakanninsu suka taso. A dā su da kansu ke dafa gilashinsu daga yashi da kanwa, baƙi ne, suna kiransa bikini. Wani masani, S. F. Nadel, ya zauna ƙasar Nufe ya kwatanta aikinsu cikin littafinsa na 1942. Su ba busawa su ke yi ba. Tanderun yumɓu gare su da zugazugi da wutar icce, su lakato gilashi da sandar ƙarfe su nannaɗe shi ya zama dutsen wuya, ko su buɗa shi ya zama abin hannu. Da kwalabe suka yawaita, sai aka koma farfasa su ana narkarwa, don ya fi sauƙi, dafa bikini kuwa ya ja da baya. Ba Bida kaɗai ba. A Ile-Ife, wurin da a ke kira Igbo Olokun, wani masanin haƙar kayan tarihi, Abidemi Babatunde Babalola, ya tono duwatsun wuya fiye da 12,000 da tukwanen narka gilashi, aka kuwa tabbatar tsakanin ƙarni na 11 da na 15 a nan a ke yin gilashin, da irin haɗin da ba a san shi a wata ƙasa ba. Wannan sani ya ɓace ƙaf, sai da aka tona ƙasa aka san an yi shi. A 2021 hukumar UNESCO ta sa Bida cikin jerin biranen duniya masu sana'ar hannu. Mun yi murna, amma takardar yabo ba ta zuga wuta.

Yanzu bari mu juyo kanmu, gama nan maganar ta ke. A makarantun da muka yi, da waɗanda muka je gwajin koyarwa, yaushe a ke ba yaro fartanya ko tsintsiya? Sai ya yi laifi. Kullum yaro na ganin aikin hannu shi ne horon mai makara da mai surutu, alkalami kuwa rabon mai ƙoƙari. In yaro ya kāsa lissafi, malami ya kan ce masa, "Kai dai ka koma maƙera wurin ubanka," 'yan aji su yi dariya. Mun ji wannan da kunnenmu, waɗansunmu ma, kada mu ɓoye, mun faɗa da bakinmu. Yaron nan in ya girma, ko yunwa za ta kashe shi ba zai zauna gaban zugazugi ba, in kuwa ya zauna, da kunya zai zauna, ba zai so ɗansa ya gaje shi ba. Mu kan ɗora laifin mutuwar sana'a ga kayan waje masu araha da rashin kulawar hukuma. Suna da nasu kason. Amma rainin a cikin aji a ke shuka shi, mu ne kuwa masu aji.

Mun san amsoshin da za a ba mu, don mun ba juna su a hanya. Na farko za a ce zamani ya wuce wurin, inji ya fi hannu sauri da araha. Gaskiya ne. Tun 1903 Michael Owens ya fito da injin busa kwalabe a Amurka, a 1959 kuma kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana hanyar shimfiɗa gilashin taga a kan narkakkiyar kuza. Ba mai hankalin da zai ce a koma busa kwalbar magani da baki. Amma ku leƙa ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na kowace makaranta. Akwai kayan gilashi a ciki waɗanda har yau da hannu a ke haɗa su bisa harshen wuta, in sun tsage mai sana'a ke gyarawa. Mu namu in ya fashe sai mu share mu zubar, mu jira na waje. Ƙasar da ke da mutanen da suka san halin narkakken gilashi ta fi kusa da samun irin waɗannan ma'aikata bisa ga wadda ta bar nata suka ƙare. Ban da haka, abin ado da na kyauta ba a sayensa don araha. Ƙarau na Waterford ya ninka kofin inji kuɗi sau da yawa, ana kuwa saye.

Na biyu za a ce aikin yana cutar da jiki, wannan kuwa ita ce amsar da ta fi nauyi. Zafi da hayaƙi suna cin ido da ƙirji. Dalma guba ce, ba mu bukatar Bature ya gaya mana, gama a 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara inda a ke niƙa dutsen zinariya cikin gida. Ko ƙarau mai dalma, in an daɗe da ajiye abin sha mai tsami a cikinsa, dalmar ta kan tsattsafo. Saboda haka ma'aikatu da yawa na Turai suka koma haɗa ƙaransu da waɗansu ma'adinai maimakonta. To, wa ya gano haka? Masu ilmin makaranta, da suka shiga ma'aikata suka auna. Cutar da ke cikin sana'a dalili ce ta mai ilmi ya matso kusa, ya nuna inda za a buɗe wa hayaƙi hanya, da abin da za a kare ido da shi, da irin kwalbar da ba ta kamata a narka ba. In ya toshe hanci ya wuce, an bar mai sana'a da cutarsa.

Na uku za a ce sana'ar gado ce, masu ita ba su son bare ya sani. Wannan ma ba mu musa ba. A 1291 mahukuntan Fenis suka tattara masu gilashinsu a tsibirin Murano, daga baya suka hana gwanaye fita ƙasar don kada asiri ya fita. Duk da haka ya fita. Asiri yana tsare mai sana'a muddin yana da magaji. Ran da magaji ya tafi birni neman aikin ofis, asirin nan shi ne ramin da za a binne sana'ar ciki. Ba mu ce a je a tsare dattijo a ce sai ya tona abin da ya gada ba. Mun ce a mai da wa ɗansa sha'awar gadon. Wannan kuwa ya fi ƙarfin hukuma, amma bai fi ƙarfin malamin aji uku ba.

Ga abin da mu ke roƙo, ba kuwa mai tsada ba ne. Mu yi alkawari tun muna nan, in mun fita ba za mu yi horo da aikin hannu ba, ba kuwa za mu zagi yaro da sana'ar ubansa ba. In za mu koyar da yadda zafi ke buɗa abu sanyi ya tsuke shi, mu fara da tambayar ɗan maƙeri da ɗiyar mai ginin tukwane abin da suka gani a gida, su zama su ne masu sani a ranar. Ko sau ɗaya a zango a gayyato gwanin wata sana'a ta garin, a ba shi kujera gaban aji, a kira shi Malam, a kuma biya shi ladan lokacinsa kamar yadda a ke biyan kowane baƙon malami. Muna kuma roƙon Shugaban Makaranta da malamanmu su duba, ko za a sa kowane ɗalibi a hutu mai zuwa ya rubuto sana'a ɗaya ta garinsu da Hausa, da sunayen kayan aikinta da matakanta, da izinin masu ita, a ajiye a ɗakin littattafai. Mun sani rubutu ba ya maimakon hannu, labarin Havel ya nuna haka. Amma da mutanen Igbo Olokun sun sami mai rubuta musu, da yanzu ba a tsaya ga tonon ƙasa ba. Sa'an nan in an tashi shirya tafiyar ƙarshen shekara, a tuna da Bida. In mun je kuwa kada mu tsaya ga ɗaukar hoto, mu sa hannu aljihu mu saya, kada kuma mu yi tayin wulakanci ga abin da mutum ya sha wuta kafin ya yi.

Ɗan maƙerin nan da muka ambata, da muka fito daga ma'aikatar, ya daɗe bai ce kome ba. Can ya ce shekararsa 6 rabonsa da ya riƙa wa tsohonsa zugazugi, kuma ko abokan ɗakinsa bai taɓa gaya musu sana'ar gidansu ba, ya kan ce ubansa ɗan kasuwa ne. Shi ya nemi a sa wannan cikin takardar. Mun tabbata ba shi kaɗai ba ne a makarantar nan.

Wanda ya ga mun yi kuskure, ko mun zafafa, filin nan na kowa ne, ya rubuto wa Edita, za mu karanta da kunnen basira. Musamman muna so mu ji daga 'yan'uwanmu Nufawa, su gyara mana abin da muka faɗa game da Masaga, gama mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Allah ya sa mu zama malaman da za su bar garuruwan da aka tura su da gwanaye fiye da yadda suka tarar.